Kwas ɗin Kwana Bakwai a Waya: Zai Iya Mayar da Ke Ƙwararriyar Mai Zanen Jiki?

Duk mai bibiyar TikTok ko Facebook a kwanakin nan ya saba ganin talla irin wannan: a tura 'yan dubban Naira ta OPay ko Moniepoint, a saka mutum a zauren WhatsApp, bayan mako ɗaya ya zama mai ƙunshi har da takardar shaida. Wasu tallace-tallacen daga Legas da Abuja sun wuce nan, suna alƙawarin koyar da zanen gira na allura, ko ma tatu gaba ɗaya. A Funtua da Malumfashi da Bakori da Ɗanja, inda bukukuwa ke yawaita da zarar an kai masara da auduga kasuwa, kasuwar ƙunshi tana ci sosai, don haka ba abin mamaki ba ne idan 'yan mata suka ga dama a nan. Tambayar ita ce, me kuɗin nan yake saye?

Amsar a taƙaice: gajeren kwas yana iya koyar da zane, amma ba ya iya koyar da fata. Fatar kuwa ita ce inda haɗarin yake.

Abin da waya ke iya koyarwa

A ba kwas ɗin haƙƙinsa. Bidiyo ya dace da koyon fulawa da ganye da layi, domin za ki iya tsayar da shi, ki maimaita sau goma, ki gwada a takarda ko a kan gilashi. Za ki koyi naɗa leda ta zama mazurari, da yankan salatif, da yadda ake ɗaukar hoton aiki cikin haske mai kyau, da tsara shafin kasuwanci. Ga yarinyar da ke ƙauyen Kafur ko Ɗandume, wadda ba za a bar ta ta tafi Kano koyon sana'a ba, wannan babbar ƙofa ce.

Inda bidiyo ya gaza

Jan lalle na gargajiya ganye ne. Sinadarin da ke cikinsa yana kama saman fata ne kawai, shi ya sa yake buƙatar awanni kafin ya kama, kuma ya goge cikin mako biyu zuwa uku. Baƙin ƙunshi da ke kamawa cikin mintuna, wanda ake kira dayis, wani abu ne daban. Galibi ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai suna PPD. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa wannan sinadari kai tsaye a fata ba, a Tarayyar Turai ma a rinin gashi aka amince da shi, kuma da iyaka. Likitoci a Sudan, inda baƙin ƙunshi ya yaɗu, sun daɗe suna ba da rahoton cutarwarsa.

Matsalar PPD ita ce ba ya nuna kansa nan take. Wadda aka yi wa a karon farko tana iya yin mako guda ko biyu kafin wurin ya fara ƙaiƙayi, ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa daidai da siffar zanen. Wani lokaci ya bar tabo. Kuma da zarar jiki ya ƙi sinadarin, yakan ƙi shi har tsawon rai, ko rinin gashi ta shafa daga baya sai ya tayar mata. Malamar da ke turo bidiyo daga nesa ba za ta ga hannun amaryar da kika yi wa aiki ba bayan kwana goma. Ke za a nema, kuma a gari irin Malumfashi, labarin amarya ɗaya da hannunta ya lalace ya isa ya kashe sana'a.

Idan allura ta shigo

Tatu da zanen gira na dindindin sun fi wannan nauyi. Na'urar tatu ta lantarki tsohuwar fasaha ce: Samuel O'Reilly ya yi mata rajista a birnin New York a 1891, bisa tsarin wani alƙalamin lantarki na Thomas Edison. Aikinta shi ne huda fata sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ta ajiye tawada a zurfin kusan milimita 1 zuwa 2. In allurar ba ta kai ba, zanen ya goge. In ta wuce, tawada ta bazu ko wurin ya yi tabo. Wannan awon a hannu yake, ba a ido ba, shi ya sa a Amurka da Turai masu wannan sana'a suka saba ɗaukar shekara ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin ƙwararre.

Sannan ga jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan kayan aiki aƙalla kwana 7, kuma goge allura da sifirit bai isa ba. Sai dai a yi amfani da sabuwar allura ga kowane mutum, sauran ƙarafa kuma a dafa su a tukunyar tururi mai matsi irin ta asibiti, a zafin digiri 121. Saboda ɓarkewar ciwon hanta ne birnin New York ya haramta tatu a 1961, bai ɗage ba sai 1997.

A nan gida akwai ƙarin abu biyu. Mafi yawan malaman Musulunci sun haramta zanen allura na dindindin, saɓanin lalle da aka halatta wa mata, don haka kasuwarsa a wannan yanki ƙarama ce ƙwarai. Haka kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro tatu ko tsaga.

Darasi daga wanzamai

Ƙasar Hausa ta san aikin fata tun da daɗewa. Wanzami ne ke yin bille da kalangu da ƙaho da kaciya, kuma babu wanda ake miƙa wa aska a mako guda. Yaro yakan shekara da shekaru yana riƙe wa mahaifinsa zabira, yana kallo, kafin a bar shi ya taɓa kan mutum, sannan ga Sarkin Aska da ake kai ƙara gare shi. Tsarin yana da nasa rauni, musamman aska ɗaya ga mutane da yawa, amma ya riƙe abubuwa biyu da zauren WhatsApp ba shi da su: idon malami a kan hannun ɗalibi, da wanda za a tuhuma in an yi ɓarna.

Kafin ki tura kuɗi

Tambayi jerin darussa a rubuce. In babu darasi a kan sinadarai da tsafta da alamun cewa fata ta ƙi lalle, to zane kawai ake sayarwa.

Nemi bidiyon malamar tana aiki kai tsaye, da hoton aikin bayan mako guda. Hoton da aka gyara da manhaja ko aka kwaso daga shafukan Indiya da Dubai yana da yawa. Google Lens zai iya nuna miki wasu wuraren da hoton ya fito.

Tambaya ko za a riƙa duba aikinki ana yi miki gyara, ko kuwa tulin bidiyo za a zuba a rufe zaure.

Kada takardar shaida ta ruɗe ki. Wadda aka tsara a waya ba lasisi ba ce.

Duba lambar NAFDAC da jerin sinadarai a jikin duk abin da aka ce ki saya. Garin da aka ƙulla a leda babu suna, bar shi.

Hanya mafi aminci ita ce haɗa biyun: ki ɗauki kwas ɗin don salo da talla, sannan ki zauna watanni a gefen gogaggiyar mai ƙunshi a unguwarku, ki wuce aƙalla Sallah ɗaya da kakar biki ɗaya tare da ita. In kuma wadda kika yi wa aiki ta dawo da kumburi ko ƙuraje, kada ki haɗa mata magani daga intanet. Ki tura ta asibiti, ta tafi da kwalin abin da aka shafa mata. In fuska ko wuya suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya da ita nan take.