Sayen Tsohuwar Taraktar Lambu: Mai Giya Ko Mai Famfo?

Da muka tashi sayen tsohuwar tarakta domin lambun kwalejinmu, iri biyu muka tarar. Ta fari mai giya ce da kuloci. Ta biyu, watau haidirostatik, famfo ne ke tura mai ya juya ƙafafunta, kamar John Deere 140 ta 1968. Wannan da daɗin tuƙi tsakanin itatuwa, amma in famfon ya tsufa, da mai ya yi zafi sai ƙarfinta ya ragu, gyara kuwa da tsada. Saboda haka kada a biya sai an tuƙa ta rabin sa'a, an hau tudu da ita.

Mu dai garma za mu ja, kuɗin makaranta kuwa amana ne. Mai giya muka zaɓa, don makanikan garinmu sun san cikinta.