Ki Duba Ƙafarta Kafin Ki Shiga

 Yau dai gareji zan ja ku, kowacce ta tattare gyalenta kada baƙin mai ya taɓa. Na san wata har ta yamutsa fuska tana cewa, ni da ko keke ba ni da shi ina ruwana da taya? To 'yar uwa ki ɗan saurara, ai ba sai kina da mota ake ɗaukar ki a cikinta ba. In ba yayanki ba to mijin yayarki, in ba su ba kuma wanda aka sa muku rana, kuma duk ranar da aka ɗauke ki ke ce a kujerar mai zaman banza. Abin da ya sami direba ke ma ya same ki.

Zancena a kan irin ƙananan motocin nan ne masu ƙofa biyu, 'yan gajeru kamar za su lashi ƙasa, waɗanda ake ce wa motar tsere. In saurayi ya faka irinta a ƙofar gida sai ki ga yaran unguwa sun zagaye ta, ƙawaye suna leƙe ta soro, ana ta yaba launi da kujeru da sanyin da ke fitowa in an buɗe ƙofa. Ba mai sunkuyawa ya dubi ƙafarta. Alhali duk girman injin nan da duk kukan da yake yi, abin da ya haɗa motar da ƙasa wuri huɗu ne kacal, kowanne bai fi tafin hannun namiji da yawa ba. Birki a kansu ya dogara, kwana ma a kansu.

Yayana bakanike ne, kuma a wurinsa na fara ganin abin da ido. Wani saurayi ɗan ƙwalisa ya kawo irin motar yana ƙorafin wai tana wani gurnani in ya taka, kuma sitiyari yana jan sa gefe. In kin kalli tayoyin daga waje wallahi sai ki rantse sababbi ne, zanensu raɗau, har da man da ake shafa musu su yi ƙyalli. Yaya ya murɗa sitiyarin har ƙarshe yadda cikin tayar gaba ya fito fili, ya ce da ni, "Zo ki gani." Gefen ciki, wanda ke fuskantar inji, ya suɗe tas kamar bayan tukunya, har zaren waya ya fara leƙowa. Saurayin ya dafe kai ya ce, "Haba Malam, tayar nan fa ko wata shida ba ta yi ba." Yaya ya ce, "Alhaji ai laifin na ƙafa ne, ko gobe ka sa sabuwa haka za ta cinye ta."

Ga abin da yake nufi. Kin san yadda wata za ta sayi takalmi tare da ƙawarta rana ɗaya, na ƙawar yana nan lafiya, nata kuwa dunduniyar ta cinye ta gefe guda? Tafiyarta ce take cinye shi. Haka mota take, kowace ƙafa tana da yadda kamfani ya tsara ta tsaya, kuma daidaita wannan tsayuwar shi ne abin da makanikai ke kira alaimen.

Karkata iri biyu ce ta fi cin taya. Ta farko ita ce in kin tsaya a gaban mota kin ga saman tayoyin ya kwanta ciki, ƙasan ya buɗe waje, kamar mai gwame. Abin mamaki, a motar tsere da gangan ake yin wannan, digiri 1 ko 2 haka, saboda in an sha kwana a guje motar takan kwanta gefe, sai tayar waje ta zauna daram da duk faɗinta ta kama titi. Amma fa a miƙaƙƙiyar hanya gefen ciki ne ke ɗaukar nauyi. Wato ko lafiyarta ƙalau irin motar nan dama ta fi cin ciki, balle kuma ƙafar ta goce.

Ta biyun ita ce uwar ɓarna. In kin leƙa tayoyin ta sama, hancinsu yakan ɗan kalli juna ko ya ɗan buɗe waje kamar tafiyar agwagwa. Ɗan kaɗan ne ake so, wanda ido ba ya ma gani. Da zarar ya wuce ƙima, tayar tana juyawa gaba ne kuma ana jan ta a kaikaice a kan kwalta, kamar ana goga ta a dutse. 'Yan makaranta ku ɗauko biro mu yi lissafi. In taya ta kauce da rabin digiri kawai, a duk kilomita 1 an ja ta gefe kusan mita 9. A tafiyar kilomita 200 an goga ta a kaikaice fiye da kilomita 1 da rabi ke nan. Tirƙashi! Wace roba ce za ta jure wannan? In hancin ya buɗe waje gefen ciki ne ke tafiya, in ya matse ciki da yawa kuma gefen waje. To in gwame ya haɗu da tafiyar agwagwa a ƙafa ɗaya, shi ne abin da na gani a garejin Yaya.

Kada ki ɗauka sai motar da ta sha wahala ce ke wannan. Nissan 350Z da ta fito a 2002, masu ita da yawa a Amurka sun yi ta kukan tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki suna gurnani tun motar tana sabuwa, har sai da kamfanin ya sake ma'aunin alaimen ɗinta. Honda NSX ta 1990 ma an san ta da saurin cin tayoyin baya, kamfanin ya rage karkatarsu a 1993.

Me ke gotar da ƙafa? Rami ne a gaba, sai hawa kan dakalin titi, sai tudun rage gudu da aka bi a guje. A nan kuma motar tsere ta fi kowa rauni. Ki karanta lambar da ke jikin taya. In kin ga 225/40 R18, faɗinta milimita 225 ne, tsayin bangonta kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato santimita 9 kacal tsakanin rim da titi. Motar gida mai 195/65 R15 tana da kusan santimita 13. Wannan bangon shi ne katifar da ke shanye duka, in ya yi siriri sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa rim da ƙarafan ƙafa. Ga shi kuma da yawansu tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, kamar Porsche 911, don haka dabarar nan ta mai da na gaba baya don su ci daidai ba ta yiwuwa.

Dubawa ba ta da wuya, kuma ba sai kin ɓata lallenki ba. Mota tana kashe, tayar ta huce, a murɗa sitiyari har ƙarshe ki leƙa gefen ciki. In ba ki ga waya ba, ki shafa tafinki a kan zanen daga waje zuwa ciki, ki dawo. In kin ji sumul ta ɗaya ɓangaren, ta ɗayan kuma yana kartar ki kamar haƙoran zarto, hancin tayar ya kauce. In tsakiya ce ta suɗe iska ta yi yawa, in gefe biyun ne iska ta yi kaɗan, in kuma cin ya yi tudu da kwari zagaye da tayar, a duba shokozoba. A cikin ramukan zanen akwai wasu 'yan tudu da kamfani ya sa, tsayinsu milimita 1.6. Duk inda zane ya yi daidai da su, ko da a gefe ɗaya ne, tayar ta gama aiki, kyan da ɗaya gefen ke da shi ba ya ceton ta.

Tunda kin sunkuya, ki duba shekarunta ma. Tun daga 2000 ana buga lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, in kin ga 2319 to an yi ta a mako na 23 na 2019. Masu kallon fim sun san Paul Walker na Fast and Furious, wanda ya rasu a 2013 a Kalifoniya cikin Porsche Carrera GT yana kujerar gefen direba. Masu bincike sun ɗora haɗarin a kan gudu, amma sun kuma rubuta cewa tayoyin motar sun kai shekara 9.

Sai maganar yadda za ki faɗa, don kin san maza da mota, wani gara ki ce rigarsa ba ta yi kyau ba. Ba a gaban abokansa ba dai. Ki bari ku rage ku biyu, ki ce, "Ranka ya daɗe, motar nan ta yi kyau ƙwarai, amma na ga kamar tayar gaba tana cin ciki, yaushe rabonka da alaimen?" A ganina yadda zai karɓi wannan 'yar magana ma abin lura ne. Wanda ya sunkuya ya duba daban, wanda ya ce me mace ta sani a mota daban. In kuma kin ga waya a waje, ki nemi uzuri ki fasa fitar, ko da kin gama kwalliya.

A gareji kuma kada a ruɗe shi da balansin, wancan 'yar dalmar da ake maƙala wa rim ce don sitiyari ya daina rawa in an taka, ba ya gyara karkata. Kafin a hau na'ura sai an girgiza ƙafar an tabbata boljoyin da tayarod da bushin ba su yi lako-lako ba, in ba haka ba ramin farko zai mai da aiki baya. A sa iska da geji daidai da takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ban da bugawa da hannu irin na wasu masu faci. Ƙafa huɗun duka za a auna, don na baya ma suna gocewa a irin motar nan. Tayar da ta riga ta suɗe kuwa alaimen ba ya mai do mata da nama, canzawa za a yi. In an gama a hau shimfiɗaɗɗiyar hanya a hankali, tambarin da ke tsakiyar sitiyari ya tsaya a miƙe, motar ta tafi ɗoɗar ba ta jan hagu ko dama. In ta ja, a juya a koma wurin mai aikin tun bai wanke hannu ba.