Masoyin da Ba Ya Turo Magabata

A watan Disamba na 2024 jami'an hukumar EFCC suka kai samame wani bene mai hawa bakwai a Victoria Island da ke Legas, suka kama mutum 792, cikinsu har da 'yan China 148 da 'yan Filifin 40. Sana'ar da hukumar ta ce ana yi a ginin ita ce soyayyar ƙarya da damfarar zuba jari a kuɗin kirifto. An jera kwamfutoci, an ɗauki matasa aiki, an koya musu yadda za su sace zuciyar mutanen Amurka da Turai. Ashe wanda ke turo miki "barka da asuba, sarauniyata" kullum ba fashi, yana iya kasancewa ma'aikaci ne a bakin aikinsa, da wasu mata goma a layi.

Kuɗin da ake samu ba na wasa ba ne. A Amurka kaɗai, hukumar FTC mai kare masu sayayya ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 suka kai ƙarar irin wannan zamba, asararsu ta kai dala biliyan 1.3. Waɗannan su ne suka iya buɗe baki. A wurinmu, inda kunya ta fi kuɗi tsada, mafi yawa haɗiyewa suke yi.

Kada wani ya ce ai Turawa ake yi wa. Tamu damfarar da Hausa take magana, har da sallama da "Allah ya bar mu tare". Wani ya ce shi ɗan kasuwa ne a Dubai, matarsa ta rasu, yana neman mai tarbiyya da za ta riƙe masa 'ya'ya. Zawarawa ya fi nema, domin ya san irin matsin da suke sha a gida. Bayan makonni na hira sai ya ce ya aiko da akwatunan lefe, amma kwastam sun riƙe a filin jirgi, sai an biya wani abu. Maza ma ba su tsira ba: kyakkyawar budurwa a Facebook, ta fara da roƙon kati da data, ta koma kuɗin asibitin mahaifiya, ta ƙare da kuɗin motar zuwa ganinka. Motar ba ta isowa, don sau da yawa ƙato ne mai gemu riƙe da wayar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, muna da maganin abin tun kaka da kakanni, muka ajiye shi. Neman aure a ƙasar Hausa ba a yin sa a ɓoye. Saurayi ya zo zance a ƙofar gida, a ce masa ya turo magabata, a tura a binciko asalinsa da sana'arsa da halinsa a unguwarsu. Ɗan damfara ba abin da ya tsana kamar wannan. Shi ya sa tun da wuri yake cewa kada ki faɗa wa kowa, wai mahassada za su shiga tsakani. Duk soyayyar da sharaɗinta shi ne yayarki ko wanki kada su ji, tarko ce.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A lallaɓa mutum ya tura hoton tsiraicinsa, washegari a ce ya biya ko a watsa wa danginsa. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da cewa ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda wannan ta'asa. Biyan ba ya kashe maganar, ƙara musu ƙarfin gwiwa yake yi.

Don kare kai, hoton masoyin da aka turo miki, saka shi a Google Lens. Sau tari za ki tarar na wani soja ne ko likita da bai san ana yi ba. Wanda kullum kyamararsa ta lalace idan an zo kiran bidiyo, akwai abin da yake ɓoyewa, ko da yake yanzu fasahar AI na iya ƙirƙirar fuska da murya, don haka bidiyon ma bai isa shaida ba. Lambar BVN da ta sirrin da banki ke turowa ba kayan soyayya ba ne. Kada kuma ka ba da asusunka a turo kuɗi ka miƙa wa wani, domin ranar da asiri ya tonu sunanka za a gani.

Wanda abin ya riga ya ci, ya daina turawa nan take, ya adana hirarrakin da shaidar tura kuɗin, ya garzaya bankinsa, sannan ya kai ƙara wurin EFCC ko 'yan sanda. Ku kuma 'yan uwa, idan ɗiyarku ko ƙaninku ya zo muku da irin wannan labari, ku ajiye gori ku raka shi banki.