Tarwadarka na goga jiki a bangon tanki? Tsaya kafin ka zuba magani

Yau maganar masu kiwon kifi ce, musamman matasanmu na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da suka kafa tanki a bayan gida.

Bara na sayo 'ya'yan tarwaɗa. Bayan kwana goma sai na ga suna goga jiki a bango, yauƙin jikinsu ya yi yawa, ya koma toka-toka, cin abinci ya ragu. Na yi ta zuba maganin ƙwayoyin cuta, kullum da safe kuma ina kwashe matattu. Sai da likitan dabbobi ya kankaro yauƙin kifi ɗaya mai rai ya sa a madubin likita. Wallahi, ga tsutsotsi nan suna miƙewa suna lanƙwashewa!

Sunanta Gyrodactylus. Ba ta kai milimita 1 ba, ido ba ya ganinta. Da ƙugiyoyi take maƙalewa a fata, manya 2 da ƙanana 16. Ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, kuma 'yar da ta haifa tana ɗauke da wata a cikinta. Shi ya sa take cika tanki nan da nan. Ƙanwarta Dactylogyrus ita kuma a wurin numfashin kifi take zama, tana ƙwai, kuma a madubi za ka ga ɗigon ido 4 a kanta. In ita ce, kifi zai yi ta haki a bakin famfo.

To ga abin mamaki. A Japan, masu kiwon kifi a teku suna fama da danginta mai suna Benedenia, kuma a ruwan daɗi suke tsoma kifin ta zube. Mu namu kifin ruwan daɗi ne, sai mu yi akasin haka: wankan ruwan gishiri. Amma likita ya faɗa maka awo da minti, don gishiri in ya wuce kima shi ma kisa yake.

Shawarata: sabon kifi ka ware shi mako 2, kada ka ari komar maƙwabci, kada ka cunkusa kifi, ka riƙa canza ruwa. In ka ga alama, kai kifi mai rai a duba, domin tsutsar tana barin matacce.

Wa ya taɓa gamuwa da wannan a tankinsa? Ku ba mu labari a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.