Ko gwajin jini zai iya tona asirin kansar tumbi?

A filin lafiya na wannan mako mun tattauna a kan kansar tumbi, wato sankarar da ke tsirowa a jakar abinci ta cikin mutum, da tambayar da ake yawan yi: ba za a ɗebi jini kawai a gane ta ba?

Ka dubi sabuwar kasuwa. In babu hanyar da za ta kawo mata kaya, ba ta ci. Haka ƙarin kansa yake: in bai samu jijiyoyin jini na kansa ba, girmansa ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, kusan ƙwayar gero. Wani likitan Amurka, Judah Folkman, shi ya kawo wannan bayani a 1971. A 1989 masana suka ware sinadarin da ƙarin ke saki don jiki ya shimfiɗa masa sababbin jijiyoyi, suka sa masa suna VEGF. An lura jinin masu kansar tumbi da dama yana ɗauke da shi fiye da kima, musamman in cutar ta yi nisa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sinadarin nan ba na kansa kaɗai ba ne. In ƙahon sa ya yanke ka, ciwon na warkewa, jikinka na fitar da shi. Mai juna biyu ma haka, mai kumburi a jiki ma haka. Saboda haka yawansa a jini bai isa shaida ba, ƙarancinsa kuma bai wanke ka ba. Har yanzu bincike ake yi. Amfaninsa ya fi fitowa wajen magani: a 2014 Amurka ta amince da ramucirumab, mai toshe saƙon sinadarin, ga waɗanda cutar ta riga ta bazu.

Abin da ke tabbatar da cutar dai shi ne likita ya zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki, ya leƙa tumbin, ya ɗan gutsuro nama a gwada. A Koriya ta Kudu ana kiran duk mai shekara 40 zuwa sama wannan dubawa duk shekara 2, shi ya sa suke kama ta da wuri.

Mu kuwa, kowane ciwon ciki sai mu ce olsa ne, mu sayi ƙwaya a tasha mu wuce. Alhali ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, Helicobacter pylori, tun 1994 aka sa ta cikin masu jawo kansa, kuma tana da gwaji da magani. In kana ramewa ba dalili, ko loma kaɗan ta cika ka, ko kana aman jini, ko bayan gidanka ya yi baƙi kamar kwalta, bar wa ɗan'uwa garken ko rumfar, ka nemi babban asibiti, ka tambaya ko suna leƙa ciki da na'ura. Ka tafi da kwalayen magungunan da ka sha, likita ya gani.