Lakar da ke Riƙe Ƙwayoyin Jiki, da Yadda Sankarar Mama ke Yaɗuwa

Magini a ƙauyukan Abaji ba ya ɗora tubali a kan tubali sai ya shimfiɗa laka a tsakani. In damina ta yi ƙarfi ta zaizaye lakar, tubalin na nan lafiya lau, amma bangon ya fara saki ke nan. Jikin ɗan Adam ma gini ne. Tubalansa ƙwayoyin halitta ne, kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Lakarsa kuwa wasu sinadaran furotin ne da ke tsirowa a bayan kowace ƙwaya, suna kama na maƙwabciyarta.

An daɗe da sanin akwai wannan riƙo kafin a san mai yin sa. A 1907 wani masani a Amurka, Henry Wilson, ya matse soson teku mai rai ta cikin ƙyallen siliki har ya wargaje, sai ga ƙwayoyin sun lalubo juna sun sake haɗewa. A 1944 Dale Coman na Jami'ar Pennsylvania ya sa allurai sirara yana ɓamɓare ƙwayoyi biyu-biyu, ya tarar na sankara sun fi na lafiyayyen nama saurin rabuwa. Sai a 1977 Masatoshi Takeichi na Jami'ar Kyoto a Japan ya nuna cewa akwai wani riƙo da ba ya aiki sai da sinadarin kalsiyam: a janye kalsiyam, ƙwayoyi su watse. Furotin ɗin da ke wannan aiki shi aka raɗa wa suna kadherin, kuma wanda ke shimfiɗe a fata da hanyoyin cikin jiki ana ce masa E-kadherin.

A cikin maman mace akwai 'yan jakunkuna da ke haɗa nono, da siraran hanyoyi da ke kai shi kan mama. Ƙwayoyin da suka yi wa waɗannan wurare daɓe suna manne da juna gam, kafaɗa da kafaɗa, E-kadherin na wannan ya sarƙe da na waccan kamar haƙoran zif. Ta ciki kuma furotin ɗin a ɗaure yake da ƙashin bayan ƙwayar, har yana aika mata da saƙo cewa wuri ya cika, ta daina hayayyafa. Muddin sankara tana cikin wannan shinge, tiyata kan gama da ita. Abin da ke kashe mata shi ne fitarta. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga; a nan ta tsagar ake ficewa, zuwa kaluluwar hammata, daga can zuwa ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa.

Akwai nau'in sankarar mama da ya fi kowane nuna wannan a fili, wato wanda ke farawa daga jakunkunan nono. Shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na masu cutar. A 1995 Geert Berx da abokan aikinsa suka gano cewa a irin wannan sankara ƙwayar gadon da ke ƙera E-kadherin, mai suna CDH1, ta lalace. Da yake babu mai riƙe wani, ƙwayoyin ba sa dunƙulewa. A ƙarƙashin madubi ana ganinsu suna ratsa nama ɗaya bayan ɗaya, jerin gwano sak.

Wannan jerin gwano ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga mace a Abaji ko Yaba ko Pandagi. Abin da aka fi faɗa wa mata a rediyo da wajen awo shi ne su riƙa laluben kullutu. To, ga sankarar da sau da yawa ba ta yin kullutu. Sai dai mace ta ji wani sashe na maman ya yi kauri ko tauri, ko kan maman ya shige ciki, ko ɗaya ya canza siffa ya bar ɗan'uwansa. Ba zafi, ba ƙurji. Ko hoton mama na asibiti yakan tsallake ta. Mai goyo za ta ce nono ne ya kwanta, wata ta ce ai daji ba a kai shi asibiti, ba ya son allura, a shafa magani a jira. Kafin a kama hanyar Abuja zuwa asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko Babban Asibitin Ƙasa inda ake gashi da na'ura, watanni sun shuɗe. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Najeriya, fiye da 16,000 suka rasu. Akasarin masu zuwa asibiti kuma sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu. Ya kamata masu wayar da kai su faɗaɗa saƙonsu ya wuce kullutu.

Lalacewar CDH1 tana iya zama ta gado. A 1998 aka gano ta a wani babban dangin Maori a New Zealand da sankarar ciki ta yi ta ɗauke wa matasa, daga baya aka ga matan irin waɗannan dangi suna cikin haɗarin wannan nau'i na sankarar mama.

Ƙwaya ba maƙwabciyarta kaɗai take riƙewa ba, tana kuma dafe da shimfiɗar da take zaune a kai. Masu wannan aiki su ne intigirin, iri 24 a jikin mutum, kuma da su ƙwayar sankara ke jan jiki tana rarrafe. A 1997 ɗakin binciken Mina Bissell a Berkeley ya toshe intigirin guda ɗaya a ƙwayoyin sankarar mama da ake reno a kwano. Ƙwayoyin suka daina haukar girma, suka jeru kamar lafiyayyu, alhali lalatattun ƙwayoyin gadonsu na nan yadda suke. Manomin doya a Abaji zai gane wannan tun kafin a gama bayani, don ya san iri ɗaya ba ya yin albarka iri ɗaya a kowace ƙasa. Da misalin iri da ƙasa likitan Ingila Stephen Paget ya yi bayani a 1889, bayan ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga cutar tana zaɓen inda take sauka.

Shekara da shekaru ana koyar da cewa rasa E-kadherin shi ne mabuɗin yaɗuwa. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. A 2014 masu bincike a Boston suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar da ke yawo a jini a dunƙule, riƙe da juna kamar ayari, sun ninka masu tafiya su kaɗai iya kafa sabon mazauni sau 23 zuwa 50. A 2019 ɗakin binciken Andrew Ewald a Jami'ar Johns Hopkins ya cire E-kadherin daga sankarar hanyoyin nono a jikin ɓeraye: ƙwayoyin suka fi saurin kutsawa cikin nama, amma yawancinsu suka mutu a hanya. Haka kuma muguwar sankarar nan mai kumbura mama, ta sa shi ja da zafi, fatarsa ta koma kamar ɓawon lemo, cike take da E-kadherin. Dunƙulenta ne ke toshe magudanan ruwan fata. Ita ce ake yawan ɗauka ciwon nono ne na masu shayarwa.

Inda wannan ilimi ya fi aiki a yau shi ne ɗakin gwaji. Likita zai tsakuro ɗan nama da allura, a yanka shi ya fi fatar albasa siranta, a ɗiga masa sinadarin da ke neman E-kadherin. In furotin ɗin yana nan, sai layi ruwan ƙasa ya zagaye kowace ƙwaya kamar ragar kamun kifi. In babu, gefen ƙwayoyin ya fito fayau, likita ya san da nau'in jakunkuna yake fama, ya ƙara bincika ɗaya maman, ya kuma faɗa wa mai tiyata cewa cutar na iya wuce inda hannu ke ji.