Tseren keke a hanyar tsakuwa: me ya sa mahaya a Amurka da Turai ke gudun kwalta?

A nan ƙasarmu, duk garin da aka ce za a shimfiɗa masa kwalta sai an yi guɗa. A Amurka da Turai kuwa, kusan shekara 20 ke nan wasu mahaya keke ke barin kwalta da gangan, suna biyan kuɗi don su je su sha ƙura a hanyoyin karkara, irin waɗanda mu muke ce wa laterit ko burji. Su suna kiran abin "girabul", wato tsakuwa. Ƴan uwanmu da ke zaune can sun sha ganinsu ranar Asabar ko Lahadi, sun dawo gari buɗu-buɗu kamar waɗanda suka kwana a sussukar hatsi. Yau abin ya zama babban wasa mai gasar duniya, ya kuma zama abin gardama tsakanin mahayan su kansu.

Wurin da aka fi dangantawa da wannan wasa shi ne Emporia, wani ƙaramin gari a jihar Kansas ta Amurka, mai mutane wajen 24,000. A 2006 mahaya 34 suka taru can suka yi tseren mil 200, kimanin kilomita 320 ke nan, a hanyoyin da ke ratsa makiyayar shanu. Ba motar rakiya, ba mai miƙo ruwa a hanya. In tayarka ta fashe kai za ka yi facinka, in ka ɓata kai za ka nemo hanya. Duwatsun yankin ƙanƙara ce mai kaifi, tana yanka taya kamar wuƙa. Sunan tseren na farko Dirty Kanza, amma a 2020 aka sauya shi zuwa Unbound Gravel, bayan ƙorafin cewa tsohon sunan cin fuska ne ga ƙabilar Kaw, ƴan asalin wannan ƙasa. Yanzu dubban mutane ke zuwa kowace shekara, har sai an yi ƙuri'a kamin mutum ya samu gurbi. Gwanaye na gamawa cikin ƙasa da awa 10, na baya kuma sai tsakar dare suke shigowa gari.

Babban abin da ya kore su daga kwalta shi ne tsoron mota. A 2022 da 2023, mahaya keke fiye da 1,000 ne suka mutu kowace shekara a haɗurran hanya a Amurka. Motoci sun ƙara girma, direbobi da dama ido na kan salula. Alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyoyin Amurka ba su da kwalta, kuma a irin waɗannan hanyoyi sai mutum ya yi awa guda bai gamu da mota biyar ba. Sai kuma gajiya da tseren kwalta kansa. Can akwai lasisi, akwai aji-aji, akwai ƙa'idoji barkatai, kuma wanda ayari ya bari a baya, tserensa ya ƙare. Badaƙalar Lance Armstrong, wanda aka ƙwace wa nasarori 7 na Tour de France a 2012 saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, ita ma ta sa mutane da yawa sun yanke ƙauna. Da cutar korona ta zo a 2020 aka kulle wuraren wasanni, sai jama'a suka yi ta sayen kekuna suna fita daji.

Shi keken, in ka hango shi daga nesa, kamar na tseren kwalta yake, da kansa mai lanƙwasa kamar ƙahon rago. Bambancin yana ga taya. Ta tseren kwalta faɗinta milimita 25 zuwa 32, ta tsakuwa kuwa 38 zuwa 50. Abin dariya a nan, tsohon Phoenix ko Raleigh da ake ɗora wa buhun hatsi a kai kasuwa, faɗin tayarsa wajen milimita 40 ne. Wato abin da kamfanonin Turai suka zo suna talla a matsayin sabuwar fasaha, masu faci na Maraɗi da Damagaram sun daɗe da saninsa: siririyar taya mai iska tam ba ta son gargada. Sai dai nasu nauyinsa kilo 8 zuwa 10 ne, namu ya ninka haka. Mai araha a cikinsu yana kaiwa dalar Amurka 1,000 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), wato sama da jika 500. Na gwanaye yana wuce dala 10,000.

Dabara ɗaya tasu ce za ta yi amfani a ƙasar ƙaya irin tamu. Mafi yawansu ba sa sa tub. Tayar ce ke manne da bakin ƙarfen ƙafar, a zuba wani farin ruwa mai danƙo a ciki. In ƙaya ta huda, iskar da ke fita sai ta turo ruwan cikin hudar, ya daskare nan take, mahayi bai ma sauka ba. Matsalar ita ce ruwan yana bushewa bayan ƴan watanni, a zafi irin namu ma ya fi saurin bushewa, kuma sai da taya da ƙafa na musamman. Rairayi mai zurfi kuwa, irin na hanyoyin amalanke, ko wannan keken sai an sauka an tura.

Inda gardama take shi ne abin da suke kira ruhin wasan. A farkon lamarin, kowa da kowa layi guda ake tashi: gwani da ɗan koyo, mace da namiji, tsoho da saurayi, kuma nisa ɗaya ake yi. Akwai ladubban da ba a rubuta ba amma kowa ya sani. In ka ga wani ya tsaya da fasasshiyar taya, ka tambaye shi ko yana da abin gyara. In ayarin gaba ya iso wurin shan ruwa, a tsaya tare a tashi tare. Wanda ya zo na ƙarshe ana yi masa tafi kamar na farko. A garin Lincoln na jihar Nebraska ma akwai wani tsere da suka raɗa wa suna gasar duniya don barkwanci, wanda ya ci takobi ake ba shi.

Da kuɗi suka shigo sai lissafi ya sauya. A 2018 kamfanin Life Time ya sayi tseren Emporia, a 2022 kuma ya buɗe jerin gasanni masu kyautar kuɗi. Tsofaffin ƴan tseren Turai suka fara zuwa: Ian Boswell, wanda ya taɓa hawa Tour de France, shi ya ci Unbound a 2021. To mutumin da abincinsa ke kan nasara, yaya za a ce ya tsaya jiran abokin hamayya ya cika gora? Wasu suka fara goya jakar ruwa a baya don su wuce ba tsayawa, waɗanda aka bari suka ce an ci amana, su kuma suka ce a nuna musu inda aka rubuta dokar. A ganina masu jakar ruwa sun fi gaskiya. Ladabin da ba a rubuce yake ba yana aiki ne tsakanin mutum 34 da suka san juna. In an kai dubbai, ga kyauta a gaba, sai doka.

Batun mata ya fi wannan sarƙaƙiya. Mai keke in ya laɓe bayan wani, na gaban ne ke tare masa iska, ƙarfin da yake kashewa yana raguwa da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. Tunda maza da mata tare suke tashi, macen da ta samu maza masu ƙarfi suka ja ta, ta tsere wa sauran mata ko da ba ta fi su ƙarfi ba. A 2021 an yi ta cece-kuce a kan haka bayan wani tsere a jihar Colorado, inda aka zargi wata ƙungiya da sa mazanta su yi wa gwanarta hidima. Daga 2023 Unbound ta ware wa gwanayen maza da gwanayen mata lokacin tashinsu daban da na sauran jama'a. Mata da yawa sun yi maraba, don yanzu tserensu nasu ne. Wasu mahayan kuma suka ce an kashe abin da ya kawo su tun farko, wato ɗan koyo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da zakara.

Turawan Turai nasu ra'ayin daban. Da yawansu cewa suke Amurkawa sun sa wa tsohon abu sabon suna ne kawai don a sayar da kekuna. Suna da hujja: lokacin da aka fara Tour de France a 1903, akasarin hanyoyin ba kwalta. A Italiya, tun 1997 ake hawan L'Eroica a yankin Toskana, da tsofaffin kekuna, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a hana shafe fararen hanyoyin yankin da kwalta. Daga nan aka samu tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta tsakuwa a Italiya a 2022. Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata, Gianni Vermeersch na Beljiyam ya ci ta maza, a kan keken kwalta da aka sa wa taya mai ɗan faɗi. Amurkawa suka ce kun gani, wannan ai ba hanyar tsakuwa ba ce. A 2024 kuma Tour de France ta sa yanki 14 na tsakuwa a zangon birnin Troyes. Ƴan kallo sun ji daɗi, amma wasu shugabannin ƙungiyoyi sun yi ƙorafi cewa bai kamata wahalar mako uku ta lalace saboda dutse ɗaya ya fasa taya ba. Jonas Vingegaard, wanda ya ci gasar sau biyu, a kan keken abokin wasansa ya ƙarasa wannan zango.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tambayar ra'ayinsu ba, su ne masu hanyar. A yankin Steamboat Springs na Colorado, makiyaya da manoma sun kai kuka cewa mahaya kusan 3,000 na toshe musu hanya a tsakiyar lokacin yankan ciyawa, suna firgita dabbobi, suna barin shara. Hukumar yankin ta rage adadin mahayan, masu shirya tseren suka sauya hanya da tsari. Duk wanda ya taɓa ganin ayarin motocin kat-kat ya keta ƙauye ranar kasuwa ya san abin da ke ran waɗannan mutane. Ga baƙo hanyar filin wasa ce, shi kuwa mai gari ta nan yake kai shanunsa ruwa.

A Afirka ma, Kenya ta rungumi wasan. Tun 2021 ake yin Migration Gravel Race a yankin Masai Mara, kwana 4, kimanin kilomita 650. Tunanin masu shirya shi mai sauƙi ne. Ɗan Afirka ta Gabas da wuya ya samu biza da kuɗin zuwa Turai ya gwada ƙarfinsa da gwanaye, to bari a kawo gwanayen gida, a kan irin hanyar da ya tashi yana hawa. Ƙungiyar Amani, mai mahaya daga Kenya da Uganda da Ruwanda, a wannan fage ta yi suna, kuma tseren tsakuwa ya fi mata sauƙin shiga tunda ba ya bukatar motocin rakiya da tarin ma'aikata irin na kwalta. A watan Agusta na 2022 ƴan ƙungiyar suka je Amurka. A tseren Vermont Overland, John Kariuki na Kenya ya zo na ɗaya. A wannan tseren ne kuma jagoransu, Sule Kangangi, mai shekara 33, ya faɗi yana cikin gudu ya rasu.